Rabin Tukunyar da Na Ɗauko daga Kufai

Ina shekara goma sha ɗaya Baba ya fara barina in hau kekensa, a dogon hutun damina. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai in zura ta ƙarƙashin ƙarfen in riƙa tafiya a karkace. Ko a jikina. Ji nake duk ƙasar Kiru babu kamata.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta aike ni. Idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi. An haife ta a tsohon garinmu, wanda mutane suka watse suka bari suka dawo bakin titi tun kafin a haifi Baba. Kufai muke ce masa.

"Kai maigidan," in ji ta, "tunda ka yi mota, je ka dubo mini uwata. Tana gabas da ƙofar ganuwa, gindin tsamiya. Ka yi mata addu'a, ka zo ka gaya mini ko wurin yana nan lafiya."

Tana da shekara shida uwar ta rasu. Ko fuskarta ba ta riƙe ba, wurin kawai ta riƙe.

Gaskiya tun kafin in wuce gonakin masara na manta da aiken. Sarƙar keken ta zame sau biyu, na mayar, hannuna duk baƙin mai. Da na isa, na jingine keken na haye abin da ya rage na ganuwa, na naɗa kaina sarkin yaƙi, na yi ta jifan ƙadangaru da hoge. Na leƙa zauren gidan dagaci na da, rufin ya rufta, sai warin jemagu. Ban taɓa jin daɗin yini irin wannan ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

A gabas ban ga tsamiya ba, sai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa, zurfinsa ya fi tsayin Baba. Na gangara. A jikin gaɓar sai ga tukwane rabi-rabi, a kife, a jere, bakinsu ya leƙo. Na ce to, ma'ajiyar mutanen da ce, yau na yi arziki. Na kama ɗaya na yi ta girgizawa har ta fito. A ƙarƙashinta rami ne, da wani abu fari-fari da na ɗauka saiwa ce. Babu zinariya. Na ɗaure ta a kariyar keken da roba, don kada in koma hannu rabbana.

Bayan la'asar na dire ta gaban Kaka. "Ga tsarabarki, ki riƙa ba kajinki ruwa."

Ta shafa ta ciki da baya. Sai hannunta ya tsaya.

"A kife ka same ta?"

"A kife. Sun fi ashirin, duk ruwa ya tono su."

Ta yi salati a hankali. Baba ne ya ja ni zaure ya gaya mini: a da, raba tukunya ake yi biyu a kifa a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Ni maƙabarta daga waje kawai na san ta. Na so ya dake ni, bai daka ba.

Washegari muka koma da shi da maza uku a kan babura, da shebur da fartanya. An yi ruwa da asuba, gaɓar ta zube. Baba ya ce in nuna inda na ciro ta. Na duba nan, na duba can, duk laka ce iri ɗaya da fasassun tukwane. Suka tsince abin da ya tsintu, suka haƙa rami ɗaya a kan tudu suka rufe. Wani ƙashin ma sai can ƙasa cikin gonar rake suka samo shi.

Da muka dawo Baba ya durƙusa gaban Kaka. "Iya, kabarin nata yana nan, ruwa bai kai wurin ba."

Ta juyo wajen da take jin numfashina. "Kai ka ga tsamiyar?"

Ni da nake ƙarya kullum a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar sai bakina ya ga damar faɗin gaskiya. Na ce babu tsamiya, ramin ya cinye wurin. Har yanzu ina jin haushin yaron nan da nake a lokacin, kuma ban san yadda zan yafe masa ba.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Matar da ta yi rayuwarta kaf tana roƙon ruwa saboda gona, sai ta koma in hadari ya haɗo, gari na murna, ita ta lallaba ta shige ɗaki. In an fara sai ta kira ni, ni kaɗai, in tsaya a bakin ƙofa in gaya mata ko mai ƙarfi ne. Nakan ce yayyafi ne, Kaka. Alhali tana jin yadda yake dukan kwano.