Mai Aski da Malamin Jiragen Ruwa

Shekara talatin da huɗu Mai Aski ya yi a shagonsa na kusurwar layi, mai kujera ɗaya, madubi ɗaya da bencin mutum uku. Ya koyi sana'a a zamanin da ake wasa aska a jikin fata, kuma maigidansa ya koya masa hira da mai zama a kujera kamar yadda ya koya masa riƙon almakashi.

Bara 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta saya masa waya, ta zuba masa abin da ta kira fodkas, wato shirin magana irin na rediyo, sai dai yana zaune cikin waya har ka neme shi. Kashi sittin ne, wani dattijon malami yana ba da tarihin jiragen ruwa. Mai Aski bai taɓa shiga ko kwalekwale ba, amma kafin kashin farko ya ƙare abin ya shiga ransa.

Sai neman lokacin sauraro. A gida, da zarar maiɗakinsa ta ga igiyar sauraron waya a kunnensa sai ta tuna duk abin da ba ta faɗa masa ba tun Talata. Ya gwada a kan keke. Ranar da wani jirgi ya yi karo da dutse, shi ma ya yi karo da teburin mai lemo. Shago kawai ya rage.

'Yar ta nuna masa inda ake dannawa a tsayar da shirin. Sau ɗaya ya danna. Malamin ya yi shiru a tsakiyar kalma, kunya ta rufe Mai Aski kamar ya toshe bakin surukinsa da hannu. Shi fa ya tashi ne a gaban rediyon da ake lulluɓewa da ƙyalle, inda in ana labarai ko tari ne ya taso maka sai ka fita waje. Ya yanke wa kansa doka: in malam ya fara, sai ya sa aya da kansa. Kowane kashi kuwa minti arba'in da biyar ne cif.

Aski ya koma bin teku. In ruwa ya kwanta, sai ya yi rabin sa'a yana gyara ƙeya ɗaya. In guguwa ta taso, kafin ka ce a rage kaɗan an yi maka ƙwal. Masu zuwa da nasu wayoyin ba su damu ba. Wanda ya damu shi ne Kan-sarki, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda kowace Alhamis ƙarfe goma yake zama a kujerar nan tun gashinsa na baƙi. Gashin yanzu ɗan zagaye ne a bayan kai, aikin minti biyar. Hira ke kawo shi, musamman tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa faɗi.

Wata uku yana magana ana gyaɗa masa kai. Wata Alhamis yana ba da labarin yadda rufin kicin ɗinsa ya rufta, ya duba madubi ya ga Mai Aski yana murmushi, domin can cikin kunnensa jirgi ya hango gaɓar teku. Ya ce a cire abin nan. Mai Aski ya ɗaga yatsa, ya raɗa masa cewa saura minti goma sha biyu, ba ya iya katse babban mutum.

"Kana jin kunyar katse wanda bai san kana duniya ba," in ji Kan-sarki, "ni kuwa da na je sunan 'yarka ka katse ni tun wata uku."

Ya ninke tawul ɗin wuyansa, ya ajiye a benci, ya fita da kumfa a kunci ɗaya.

Alhamis biyu ba a gan shi ba. Mai Aski ya saurari kashi shida bai riƙe sunan jirgi ko ɗaya ba, idonsa na kan ƙofa. A ta uku, malam na tsakiyar bayanin wani jirgi da ruwan sha ya ƙare masa, sai ga Kan-sarki a ɗaya gefen titi, hula har gira, yana sauri kamar bai san layin ba. In ya sha kwana, Mai Aski ya san shi ke nan.

Ya ɗauki wayar da hannu biyu. "Malam, a gafarce ni, ina da baƙo," ya ce, ya runtse ido ya danna.

Da ƙyar ya jawo Kan-sarki ciki, da ƙyar kuma aka cire hular. Ashe sabon shago ya je, mai fitilu da kiɗa, suka tsaga masa layi biyu a ɗan gashin da ya rage, ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Mai Aski ya danne dariya, ya yi masa jaje, ya ɗauko almakashi. Ya tambayi rufin kicin. Amsar ta ci sa'a guda da minti goma, har da tarihin kafintan da uban kafintan.

Da aka karkaɗe tawul, Kan-sarki ya harari wayar da ke kife a kan tebur, ya tambaya ko jirgin ya isa. Mai Aski ya ce bai sani ba, a tsakiyar teku ya baro su, ko ruwan sha babu.

"To su yi haƙuri zuwa gobe," in ji Kan-sarki, ya gyara zama. "Ban ma faɗa maka abin da likita ya ce game da gwiwata ba."