Kaset ɗin Dawowar Kaka Daga Makka

Har yau in na ji warin hayaƙin janareta, sai na tuna zaurenmu na Kiru, da Baffa, ƙanin babanmu, wanda ya sayar da bijiminsa ya sayi kyamarar bidiyo.

Akwai wani daraktan fim Ba'amurke da Baffa ya ɗauka malaminsa, ko da yake bawan Allahn bai san da Kiru a duniya ba. Kullum labarinsa muke sha. Wai tun yana yaro ya fara da kyamarar babansa, har duniya ta san shi. Wai in abin mamaki ya bayyana a fim ɗinsa, fuskokin masu kallon abin yake fara nunawa. Mun haddace, amma ba mu gane ba.

Shekarar da kakanmu ya dawo daga Makka, ana tsakar karyar masara, aka ba Baffa aikin ɗaukar tarbar. Kaka ya sauko daga mota, ana rububin taɓa hannunsa, Baffa kuwa ya juya masa baya yana ɗaukar jama'a.

"In babu Alhaji a kaset ɗin nan," in ji babanmu, "kyamarar ta tafi kasuwa, kai kuma gona."

Babanmu ba ya magana biyu. Na ji tsoro ƙwarai, don na san kyamarar nan ita ce ran Baffa.

Washegari bayan la'asar aka tada janareta, aka sa kaset ɗin a zaure. Ga mata suna guɗa, ga yara a kan katanga, Kaka kuwa sai gefen hularsa. Babanmu ya fara gyaran murya. Can sai hoton ya tsaya a kan wani tsoho a bayan darbejiya, shi kaɗai, yana share hawaye da hannun riga. Ƙanin Kaka ne na garin Ƙofa, wanda suka daina magana tun rikicin iyakar gona.

Kaka ya matso gaban talabijin.

"Ashe ya zo?" Ya juyo ya dubi Baffa. "Gobe a kai ni Ƙofa. Kai ma ka taho da abin naka."

Baffa ya sauke ajiyar zuciya, ni ma sai lokacin na ji iska ta shige ni.

Tsofaffin nan biyu suna shiri har suka bar duniya. Yanzu kowa da wayarsa, duk a kan mai taro ake ɗora ta. Ni kam nakan waiwaya, ko akwai wanda ya zo amma ya kasa shigowa.