Sadhbh Direbar Motar Makaranta

Kakarta ce ta raɗa mata sunan, wata tsohuwa 'yar ƙasar Ayalan mai taurin kai, wadda ta tsufa a garinmu tana mitar zafinsa. A rubuce Sadhbh ne, a baki kuwa Saif. Yadda waɗannan baƙaƙe suka haifi wannan sauti, tsohuwar ba ta yi wa kowa bayani ba har ƙasa ta rufe idonta.

Mahaifinta Lachlan Tierney manomin rake ne. Ya yi ta fama da sunan, da ya gaji sai ya koma kiranta "ke yarinya". Tare muka yi firamare da ita. Duk sabon malamin da ya zo, in ya iso kan sunanta sai ya yi turus, ya gyara tabarau, ya ƙirƙiro tari. Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Saif!"

Ta girma ta zama direbar motar makaranta. Doguwa ce, mai murya irin ta masu gwanjon shanu, kuma tana ji da sunan nan kamar gadon gona.

"Duk faɗin jihar Kwinsland ni kaɗai ce," takan ce mana. "Ku da ake kiran ɗaya goma su waiwayo, me kuka sani?"

Ko mijinta Fergus, bakaniken tarakta, sai da ya iya rubuta sunan da ka kafin ta yarda ta aure shi.

Wata damina kogi ya cika ya raba garin biyu. Da hantsi naƙuda ta kama Ornella, matar Bruno Scarpa mai gidan burodi, ga motar asibiti can ƙetare. Sadhbh ta kwashe su a motar makaranta, ta zagaya ta tsohuwar hanyar gonakin rake, ruwa har gindin ƙofa. Ornella na kwance a kujerar baya tana surfa wa Bruno zagi da Italiyanci.

"Daure, 'yar'uwa!" Sadhbh ta ɗaga murya. "Jiya-jiya na wanke motar nan!"

Ornella ta daure iya daurewa, amma a bakin ƙofar asibiti jaririya ta sauko, a cikin motar. Bruno yana share hawaye da hularsa ya ce ai yarinya ta ci sunan direba.

"Ka ma iya faɗarsa?" in ji Sadhbh.

"Sadiba!"

"Saif, Bruno."

"To, ni me na ce?"

Jaridar garin ta buga hotonsu. Daga nan suna ya kama kamar wuta a busasshen rake. Gida kaza sun haifi mace, Sadhbh. Gida kaza ma haka. Kowane gida kuma da yadda yake faɗa: akwai Sadiba, akwai Sabi, akwai Sadabaha. Har wani makiyayi ya sa wa karyarsa. Sadhbh ta rasa ko murna za ta yi ko makoki.

Da takwarorin nan suka isa shiga makaranta, duk motarta suka hau. Wata safiya suna ta tsalle a kan kujeru, ta daka tsawa.

"Saif! Ku zauna!"

Ba wadda ta ko waiga. 'Yar Bruno ce ta tako har gaba, ta dafa mata kafaɗa cikin tausayi.

"Goggo, ba haka ake faɗa ba. Sadiba ne. Babana ya ce ke ce ba ki iya ba, amma kada mu yi miki dariya."

Da labari ya kai wa Fergus, ya yi dariya har shayi ya shaƙe shi. Ya kwana biyu yana dafa wa kansa abinci.

Yanzu ta ajiye tuƙi, tana kula da bishiyoyin mangwaronta. Bara 'yar Bruno, wadda ta zama nas a birnin Townsville, ta bugo mata waya tana da tsohon ciki, wai tana neman izinin maimaita sunan.

"Ki ji tausayin baiwar Allah, ki sa mata wanda bakin mutane zai iya," in ji Sadhbh. Amma tana ajiye waya ta hau saƙa 'yar hula mai ruwan hoda, tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa takwara na tafe.

Aka haifi namiji, aka sa masa Fergus. Hular dai Sadhbh ta aika, kuma jaririn ya sa ta a hoton farko.