Dattijo da Guntun Kwalbati

"Baba, layinku ai ba namu ba ne yanzu. An yanka ku mazaɓar gabas."

"Su na gabas ɗin ne suka turo ni nan, ɗiyata."

Sakatariyar ofishin ɗan majalisar jiha tana ƙare masa kallo. Dogo ne, ya naɗe wando har gwiwa, taɓo ya bushe a ƙwaurinsa. Yatsunsa duk tabon wuta, da alama maƙeri ne, cikin waɗanda aka haifa a unguwar tun tana gonaki, kafin jama'a su yi yawa a raba mazaɓar biyu. Iyakar kuwa ta ratsa tsakiyar layinsu, daidai kan kwalbatin da ya rufta, ruwa yana kwana a ɗakin jikokinsa.

Ba ya ɗaga murya.

"Ranar zaɓe dai ba wanda ke ɓata hanyar gidana."

Ya sauke buhun da ke kafaɗarsa, ya zazzage guntun kankare a kan teburinta.

"Daga ɓangarenku na ɓallo shi. Don Allah ki ajiye wa Onorabul, in ya zo ya faɗa mini ko wannan ma na gabas ne."