Malama Bi-Layi

Zango ɗaya aka ce mata. Tsohon farfesan da ke koyar da kwas ɗin tushen harsunan shirya manhaja ya kwanta ciwo, sai shugaban sashe na wancan lokacin ya miƙo mata wani fayil da gefensa duk ya tattare, ya ce ta ɗan riƙe kafin a samo wani. Tana ɗauke da cikin 'yarta ta fari a lokacin. Bana 'yar ta shiga jami'a, kuma har yau ba a samo wanin ba.

Kowa gudun kwas ɗin yake, kuma ba laifinsu ba ne. A sauran kwasa-kwasai harshe ɗaya ake koya wa ɗalibi, ya iya ba kwamfuta umarni, a rabu lafiya. Ita kuwa hanyoyin tunani take koyarwa: yau salon jero umarni ɗaya bayan ɗaya, gobe salon rarraba aiki ga abubuwa kowanne da halinsa, jibi salon da ba a yarda ka sauya abin da ka ajiye ba, sai dai aiki ya kira kansa har ya kai ƙarshe. Matsala ɗaya za ta ba su, ta ce a warware ta kowace hanya. Ɗalibi ya kawo amsa daidai yana washe baki, ta ɗora yatsa a kan layin farko ta ce, "Na ga inda ka sauka. Mu bi layi mu ga ta ina ka biyo." Daga nan sunan ya bi ta, har masu shara Malama Bi-Layi suke kiranta.

Haka take duba jarrabawa ma. Ofishinta na can ƙarshen baranda, tagarsa na kallon bangon ɗakin janareto, kabad biyu cike da takardun amsa ɗaure da igiya. Za ta zana tebur a gefen takarda, ta mai da kanta kwamfuta, tana bin kowane layi tana rubuta abin da ya canja. Takarda ɗaya minti ashirin. Maigidanta kan ce da ya san na'ura ya aura, da ya nemi mai garanti.

Abin da ke cin ranta shi ne digirin digirgir. Sau uku tana neman a sake ta ta tafi karatu, sau uku ana ce mata, "To wa zai riƙe kwas ɗin?" Ƙa'idar jami'ar kuma ba ta sakin wanda ya haura shekara arba'in da biyar, ita ko saura wata biyu ta haura. Ta gaji, gajiya ta gaske, irin wadda barci ba ya maganinta. Wani lokaci tana tsaye gaban allo sai ta ji bakinta na zuba bayanin shi kaɗai, ita tana can wani wuri.

Bana sai ga mafita. Wani tsohon ɗalibinta ya dawo da digirin da take mafarki, kowa na ce masa Dakta, kuma ya yarda zai karɓi kwas ɗin. Sharaɗi ɗaya sabon shugaban sashe ya kafa: kwamitin sakin malamai zai zauna ranar Alhamis da safe, kuma ba ya duba fom ɗin wanda bai miƙa sakamakon ɗalibansa ba. Dakta ya ce wannan mai sauƙi ne. A sabon ɗakin kwamfuta aka yi jarrabawar, ya kuma rubuta wata manhaja da za ta duba amsoshin.

Ranar Laraba bayan azahar ya shigo ofishinta da takardar maki.

"Malama, ɗari uku da goma sha biyu, minti ɗaya bai cika ba. Sa hannunki kawai ya rage."

"Minti ɗaya?" Ta yi dariya har da dafa tebur. "Kai Dakta, ina kake shekara goma sha takwas?"

"Ina aji, kina bin layina da jan biro."

Kusan kowa ya ci. Ta cire murfin biro, har ta ɗora a kan layin sa hannu, sai yatsan nan nata ya motsa. Ta ce ya ɗan buga mata guda biyar a takarda, ta yi musu kallon bankwana.

Tambaya ta uku ta buɗe, wadda aka ce a tara jerin lambobi ta hanyar aikin da ke kiran kansa, ba tare da sauya komai ba. Na farko ya samu maki cikakke. Ta bi layi, ta ga da tsohon salon jero umarni ya yi, wanda ya iya tun ajin farko. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ta huɗu ta wata yarinya ce mai zama a gaba, wadda ta yi wata uku tana zuwa ofishin nan tana cewa ita fa kanta ya ƙi ɗauka. Ta rubuta shi tsaf yadda aka koyar, layi shida, sai dai ta tsayar da aikin saura taki ɗaya, lambar ƙarshe ba ta shiga lissafi ba. Sifili aka ba ta.

"Dakta, waɗannan ukun ba su amsa tambayata ba. Wannan ce ta amsa."

Ya sosa ƙeya. "Malama, manhajar sakamako take dubawa. Ba ta ganin hanya."

"To kwas ɗin ai hanyar ce."

"Zan gyara ta kafin baɗi, wallahi."

"Ita wannan yarinyar, baɗin za ta maimaita aji ke nan."

Ta kwashi takardun ta nufi ofishin shugaban sashe. Ya saurare ta yana juya makullin mota a yatsa.

"Malama, in da hannu za ki duba, kwana nawa?"

"Ranka ya daɗe, ko na daina cin abinci, goma."

"Kwamiti gobe ne, kuma ba ni da ikon ɗaga shi. Ki sa hannu ki tafi abinki, don Allah. Maki ya fito daga na'ura, wa zai tuhume ki?"

Babu wanda zai tuhume ta, ta sani. Ta koma ofis ta rufe ƙofa. Ga fom ɗin tafiya karatu a hannun dama, an cike shi tun wata biyu da suka wuce, hotonta manne a kusurwa. Ga takardar maki a hagu. Ta ji haushin Dakta, ta ji haushin farfesan da ya kwanta ciwo, ta fi jin haushin kanta da ta ce a bugo guda biyar. Da ba ta duba ba, da yanzu tana hanyar gida tana tunanin akwatin da za ta saya.

Ta ɗauki baƙin biro na sa hannu, ta riƙe shi ya kai minti biyar. Sannan ta ajiye, ta kira Dakta a waya ta ce ya bugo sauran duka.

Ƙarfe huɗu da rabi maigidanta ya zo ɗaukarta, ya gaji da hon ya hauro sama. Ya same ta tsakanin tulin takardu masu ɗumin injin bugawa, jan biro a hannu, ta zana teburinta a gefen takarda. Kofin shayinta na zaune a kan fom ɗin, ya yi masa zobe a daidai hoton.

"Maman yara, an sa hannun? Mu fara shirin rakiya?"

Ba ta ɗago ba, don kada ya ga idonta.

"Samu kujera," ta ce. "Saura ɗari uku da tara."