Kifi a Kan Tebur

Na'urar gano kifi ta farko da na saya, a kayan gwanjo na kasuwar Grand Marché na tsince ta. Ƙa'idata a sana'ar kayan lantarki uku ce: in goge, in gwada, sannan in sa farashi. Na goge ta. Na jona mata batirin babur a shagona na unguwar Sabangali. Sai ga kifaye suna wucewa a gilashin, manya da ƙanana! Ko abincin rana ban ci ba, na tafi da kaina na ɗauko shugaban masuntan bakin kogin Shari. Dattijon nan in ya yarda da kaya, kowa ya yarda. In ya ƙi, ba masuncin da zai taka shagona.

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ɗana, a ina ka ɓoye kogin?"

"Wane kogi, Baba?"

"To, a kan katako suke iyo? Na tsufa a ruwa, ban taɓa kama giwan ruwa a shago ba."

Kan na'urar, wanda ake nutsawa a ruwa, yana nan cikin leda, ban ma jona shi ba. Ashe hoton talla take nunawa, irin wanda ake kunna wa mai saye. Na tsallake mataki na biyu ina tsammanin na yi shi.

Na ce, "Baba, kai ni kogi yanzu."

Na kashe hoton. Na ɗaure kan a jikin gora, don ya ce ba mai huda masa kwale-kwale. Muka tura. Gilashi fayau, sai layin ƙasan kogi. Yana tuƙi yana tsokanata: "Mu koma shago, can kifi ya fi yawa."

Can gaba layin ya faɗa ƙasa, alamar gurbi mai zurfi. Wani tabo ya bayyana, na biyu ya biyo shi. Na miƙe tsaye har jirgin ya yi tangaɗi.

"Nan, Baba! Jefa nan!"

"Zauna, kar ka nutsar da mu!"

Amma ya jefa komarsa ta birgi. Da ya janyo, tarwaɗa biyu ke mutsu-mutsu a ciki. Na yi ihun da na tabbata an ji a ƙetare.

"Gurbin nan na san shi tun ba a haife ka ba," in ji shi. "Ashe ita ma ta san shi."

Da muka iso gaɓa na kai hannu zan kwance gorar, ya riƙe ni.

"Bar ta nan."

Tun ranar, mataki na biyu a cikin ruwa nake yin sa.