Kwalbar Da Nas Ta Ce

Ɗana na fari yana da wata takwas lokacin da gudawa ta kama shi. Muna haya a Samaru, ciki da falo, a wani gida bayan kasuwa. Matan gidan duk suka ce haƙori ne, in kwantar da hankalina. Ni kuwa a shekarun nan ko atishawa ya yi sai na duba tafin ƙafarsa.

Na goya shi zuwa asibitin unguwa. Nas ta duba idonsa da maɗigarsa, ta ce bai galabaita ba, in ci gaba da ba shi nono, in haɗa masa ruwan gishiri da sikari. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sikari goma a shafe, sai dafaffen ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Ta nuna mini irin cokalin, kuma ina da shi. Har na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa in kula da awon, don in gishiri ya fi ƙarfin ruwan, ciwo zai ƙara wa yaron.

Na tsaya shagon bakin layi aron kwalaben lemo. Mai shago ya tambaye ni wacce, ƙarama ko babbar da ta fito kwanan nan. Ya jera mini su, ɗaya ta kusa ninka ɗaya. Nas ba ta ce ƙarama ba, ba ta ce babba ba. Na koma asibiti na tarar ta tashi.

Da azahar maigidana ya dawo cin abinci. Shara yake yi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, saboda haka a gidanmu shi ne likita. Maimakon ya zaɓa mini kwalba sai ya ce ai awo ba abin wasa ba ne, ya ji ɗalibai suna cewa kilo ɗin duniya gaba ɗaya wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne da aka kulle a Faransa, ko ƙura ba a yarda ta hau shi. Na ce to, ni ba Faransa zan je ba, ya samo mini kwalbar giya, tunda ita ba ta da ƙarama da babba. Ya ajiye loma ya tuna mini cewa a sahun gaba yake sallah. Ya wanke hannu ya koma aiki.

Sai na nufi ɗakin maƙwabciyata, mutumiyar kudancin Kaduna, wadda ta girme ni da 'ya'ya uku. Mijinta ne ke koyar da mawaƙa a cocinsu. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

"Amarya, wato duk gidan nan ɗakina kika ga ya yi kama da mashaya?"

Na fara ba ta haƙuri, hawaye suka zo. Ta leƙa fuskar yaron, ta ja tsaki, ta ɗaura ɗankwali ta ce in ba shi nono mu tafi Sabon Gari.

Mun sauka daga bas a PZ, muka taka har wani layi da ta ce an ce mata akwai irin wuraren. Ta nanata cewa an ce mata ne. Muka sami ɗaya mai labulen roba a ƙofa, muka tsaya a tsallaken titi wajen mai sayar da bokitai. Ta ce in shiga, tunda ɗana ne. Na nuna mata hijabina. Na ce ita ta shiga, ta ce rabin 'yan cocinsu ta layin nan suke bi zuwa kasuwa, kuma ranar Lahadi mijinta ne zai tsaya a gaba yana kaɗa hannu. Mun ɗaga kowane bokiti a wurin, mun ƙwanƙwasa gindinsa, har mai bokitan ya kawo mana benci.

Daga ƙarshe muka zagaya ta baya, inda ake wanke kwanuka. Mai wurin wata ƙatuwar mace ce daga kudu, tana fige kaza. Ta saurare mu da Hausarta rabi da rabi, ta ce babu kwalbar da ke fita, kamfani yana karɓar akwatunansa a cike, sai dai mu ɗauki mai giya a ciki mu zubar. Muka kalli juna ni da maƙwabciyata, kowa na jiran ɗaya ta miƙa hannu.

Matar ta goge hannu a zani ta dube ni.

"Maman bebi, man gyaɗa da kina saya, wane kwalba suna auna maka?"

Na ce kwalbar mai mana. Ta shiga ta fito da kwalba biyu, ɗaya ta giya da takardarta a jiki, ɗaya an ɓare takardar an toshe bakin da leda, da manja a ciki. Ta tsayar da su kafaɗa da kafaɗa a kan turmi. Koriya, dogon wuya, tsayi ɗaya. Irinta guda biyu ne a ƙarƙashin teburina, kuma ɗayar mahaifiyata ce ta ciko mini da man shanu a kayan gara, da hannunta mai carbi.

Maƙwabciyata ta yi ta dariya a bas har Palladan, tana tambayata ko Hajiyar tawa koriya ta fi so ko ruwan ƙasa.

A gida na juye man shanun a kwano, na wanke kwalbar da toka da ruwan zafi har sai da yatsana ya daina santsi a bakinta. Na auna, na shafe kowane cokali da bayan wuƙa, maƙwabciyata tana ƙirga na sikari da ƙarfi. Da na ɗanɗana sai tsoro ya dawo, don ban san yadda ya kamata ya kasance a baki ba. Ta ce a zumuntar matan cocinsu an koya musu kada ya fi hawaye gishiri. Ni da na yini ina kuka, a lokacin ko ɗigo ya ƙi zuwa. Ta yanka albasa ta kanga mini a hanci. Na lashi kumatuna, na kurɓi ruwan, na sake lasa. Hawayen sun ɗan fi.

Na zaunar da shi a cinya na fara ba shi da cokali. Na farko ya furzar mini a fuska. Na biyu ya haɗiye, ya kama cokalin da hannu biyu ya ƙi saki. Washegari da hantsi na wanke tsumman kashinsa biyu kacal, na shanya su a igiyar tsakar gida inda kowa zai gani.